Tarago Mai Ɗingishi

Sunana Mutawakil. A Nima aka haife ni, kuma sana'ata kwandam. Ina tura turoki, wato amalanke, unguwa-unguwa ina sayen tsofaffin ƙarafa: firjin da ya mutu, tukunyar da ta huje, kan fanka, duk abin da masu gida suka gaji da gani. Kowane ɗan kwandam yana da maganaɗisu. Nawa daga cikin wata tsohuwar sifika na ciro shi, na ɗaure shi da igiya a madaurin wandona. In ka ga ƙarfe sai ka manna masa. Ya kama, baƙin ƙarfe ne. Ya ƙi, to ka dace da mai tsada. Shekara shida ina wannan aiki, har hannuna ya daina neman izinina. Ko masallaci zan je, in na ga kusa a ƙasa, sai dai na tarar da ita a aljihuna daga baya.

Mahaifina, Baba Sulemana, ya yi shekara ashirin da tara a aikin reluwe. Aikinsa shi ne, in jirgi ya tsaya, ya bi ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da doguwar guduma yana ƙwanƙwasawa. Yakan ce lafiyayyar ƙafa tana amsawa da dogon kuka kamar ƙararrawa, mai tsagewa kuwa sai ta ce maka ɗaf, kamar ka buga fasasshiyar ƙwarya. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance a ɗakinmu, harshensa ya yi nauyi, yayata Zuera ce ke kula da shi in ta tashi daga sayar da koko. Akwai wani cokali da ba ya yarda a ɗauke masa. Da shi yake buga ƙarfen gado, yana saurare.

Wata rana na je kasuwar kayan mota ta Abossey Okai kwasar tarkace, sai wani makanike ya ce mini a garinsu har yanzu jirgin kaya yana wucewa kullum wajen tsakar rana, yana ɗauke da duwatsun gyaran layi. Da na dawo na ba Baba labari don dai hira. Sai na ga ya ɗago kai daga matashi, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba.

Shi ya sa na fara zuwa duk Lahadi, tunda ranar masu sayen ƙarfe a hannunmu ba sa buɗewa. Mota biyu ake shiga daga Nima. Garin ƙarami ne, mutanensa ma mahaɗa kawai suke ce wa wurin. Layi ɗaya ne ya zo ya rabu biyu. Akwai ɗan ɗaki mai rufin kwano inda mai juya layi yake zama, da bishiyar mangwaro, da wata mata mai gasa ayaba a ƙarƙashinta, sai awaki.

Ranar farko na ɗauko hoton kan jirgin yana tahowa, fitilarsa a kunne da rana tsaka. Na ji daɗin hoton ƙwarai. Baba ya kalla, ya ture wayar da hannunsa mai lafiya.

"Wannan fuska ce," ya ce. "Fuska ta 'yan kallo ce. Kawo mini ƙafa."

Daga nan sai na koma kwanciya rub da ciki a kan duwatsu ina ɗaukar ƙafafu. Da ƙarfen birki, da sarƙar da ke haɗa tarago da tarago, da farantin da ke riƙe dogo biyu a mahaɗinsu, da notin da ke jikinsa. Ina kuma ɗaukar hoto mai motsi saboda ƙara. In na kawo, Baba ya ɗora wayar a kunne, ya rufe ido, cokali a hannu. Zuera takan ce, "Ku biyu dai, wanda ya aika da wanda aka aika, ban san wa ya fi wani ba."

A mako na huɗu ya sa na maimaita masa mai motsin sau uku.

"Tarago na bakwai," ya ce. "Ɗingishi yake. Ƙafar baya, ta hagu."

Ni ban ji komai ba sai ƙarar jirgi. Ya sa na buɗe hoton na ja shi ya yi girma har muka karanta lambar taragon, 4417.

"Ka faɗa wa mai wuri. Ka gaishe shi kuwa tun da kake zuwa?"

Na ce zan gaishe shi. Tun ranar farko Baba ya gaya mini cewa baƙo ba ya tsayawa a bakin layin wani bai gaida mai layin ba. Amma ni mutum ne mai jin nauyin baki. Yaren Tuwi na kasuwa kawai na iya, Turancina kuma aji huɗu ya tsaya. Nakan hango tsohon a ƙofar ɗakinsa, na ce in jirgi ya wuce zan je, in ya wuce kuma na ce sai wani makon.

Lahadi ta biyar na isa da hantsi. Na yi wa mai ayaba murmushi kamar kullum, ba ta mayar ba. Ban kawo komai a raina ba. Na bi gefen layi a hankali ina neman inda zan kwanta, sai na lura an zuba sabbin duwatsu wajen kwana, an kuma sa sabbin noti masu ƙyalli. Na durƙusa na ɗauki hotonsu, don na san Baba zai so ya gani. Tsofaffin notin da ma'aikata suka cire suna warwatse cikin ciyawa. Wallahi ban san lokacin da na ɗauki na farko ba. Na dai tuna na auna nauyinsa a tafin hannu, na manna masa maganaɗisu, ya kama. Uku na zuba a aljihu.

Sai na ji matar nan ta ɗaga murya. Kalmar da ta faɗa kowane ɗan Zango ya san ta ko bai iya yaren ba, domin in aka kira ta a kasuwa kowa gudu yake, wasu su bi, ɗaya ya tsere. Har na waiga ina neman ɓarawon.

Lokacin an taso daga coci. Mutane suka gangaro ta kan hanya da fararen kayansu. Ban gudu ba. Wani mai jar riga ne ya fara isowa, ya shaƙe wuyan rigata, ya zabga mini mari a kunne har na ji kamar an zuba ruwa a ciki. Suka zazzage aljihuna a kan duwatsu. Noti uku, da waya, da tikitin mota, da maganaɗisu yana lilo a igiyarsa.

Da suka ga maganaɗisun sai suka kalli juna.

"Ɗan kwandam ne," wani ya ce.

"Sati biyar yana zuwa," in ji mai ayaba. "Kullum a kwance yana leƙen ƙasan layi. Ko ayaba bai taɓa saya ba."

Mai jar riga ya danna wayar a fuskata ta buɗe. Ya shiga hotuna yana ja da yatsa, yana ɗaga wa mutane. Noti, noti, faranti, ƙarfen birki, noti. Babu fuskar mutum ko ɗaya, babu sama, babu bishiya. Ni kaina da na kalle su daga hannunsa sai na ga abin da suke gani.

"Kiramo," ya ce, haka suke kiran Musulmi, "wa ka tura wa? Ina sauran naku?"

"Babana na kai wa," na ce.

"Kun ji. Har da uban a ciki."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. A cikin hayaniyar ne na tsinci labarin. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce wasu suka kwance faranti a wajen kwanar nan, tarago ya zame daga layi, ya danne ƙafar wani ma'aikaci. Ƙanen mai jar riga ne. Yana asibiti, an ce ba lalle ƙafar ta tsira ba. Na so na ce masa sannu. Ban iya ba.

Suka ɗaure mini hannu ta baya da igiyar maganaɗisuna, suka zaunar da ni a kan duwatsun da rana ta gasa. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Wani ya ce kafin su zo daga babban gari an yi awa biyu, kuma gobe za ka ga an sako shi. Sai na hango wani saurayi yana gangaro da tsohuwar tayar mota daga wajen masu faci. Yana buga ta da tafin hannu tana tafiya, kamar wasa. Ya kawo ta ya jingina da mangwaro. Babu wanda ya hana shi. Na fara karanta abin da na haddace, amma sai na kai tsakiya na manta, na koma farko.

Tsohon nan mai juya layi ya fito daga ɗakinsa. Bai yi sauri ba. Gajere ne, da tsohuwar hular aiki, da tutoci biyu naɗe a hammata, ja da kore. Na ji ana ce masa Wofa Boadu, wato kawu. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallona, sannan ya yi mini Hausa, irin ta tsofaffin ma'aikatan reluwe, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Kai, na gan ka tun tuni. Kana zuwa gidan mutum, ba ka gaisuwa?"

"Na yi kuskure, Baba."

"Kuskure babba."

Ya sunkuya ya ɗauki noti ɗaya, ya sa ɗan yatsa a cikin ramin, ya juya. Ya ce wa mutane da yarensu wannan noti ya mutu tun tuni, shi da kansa ya ga an yar da shi jiya. Mai jar riga ya ce wanda ya tsinci matacce yau shi ne ya kwance mai rai ranar Alhamis. Mutane suka amsa masa. Na ga maganarsa ta fi ta tsohon shiga kunne.

Wofa Boadu ya karɓi wayar yana duba hotunan a hankali, ɗaya-ɗaya.

"Me ya sa ƙafa kawai?"

"Babana ne ya ce. Shi mai ƙwanƙwasa ƙafa ne a da. Yanzu yana kwance."

"Kira shi mu ji."

Na yi tunanin Baba a kan gado, Zuera ta kara masa waya a kunne, ya ji wannan hayaniya, ya ji muryata. Likita ya ce in abin ya sake buge shi ba zai tashi ba. Kuma ko ya yi magana, harshensa ba kowa ke ganewa ba, dariya za su yi masa.

"Ba zan kira shi ba," na ce.

"To ka ga wancan?" Ya nuna tayar da haɓa.

"Na gani."

"Ka ba ni wani abu, yaro. Hannuna babu komai."

Sai saƙon Baba ya faɗo mini, wanda na riƙe mako guda ban isar ba.

"Ya ce in gaya maka tarago na bakwai yana ɗingishi. Ƙafar baya ta hagu. A waya ya ji."

Tsohon ya ɗago ido daga wayar.

"A waya?"

"Sau uku ya saurara."

Sannan ya juya ga mutane ya yi magana mai tsawo, ban kama duka ba. Abin da na gane shi ne, ɓarawo yana kallon abin da ke kwancewa ne, ba ya sauraron ƙafa, kuma ba a koyon wannan magana a kasuwar ƙarfe. Jirgi yana hanya. In ya zo a saurara. In babu ɗingishi, shi zai koma ɗakinsa ya rufe ƙofa. Mai jar riga ya ce ya yarda. Ya je ya zauna a kan tayar.

Jirgin ya makara. Ban san minti nawa ba, don wayata tana aljihun tsohon. Na san dai inuwar mangwaro ta janye daga kan layi gaba ɗaya. Duwatsu suna cin cinyata, igiya tana cin wuyan hannuna, kunnen da aka mara yana ta kuka. Wasu mata suka tafi ɗora abinci, amma maza suka ƙaru. Wata tsohuwa ta miƙo mini ruwan leda, wani ya buge hannunta, ruwan ya fashe a ƙasa. Ina ta tunani iri-iri. Idan Baba kunnensa ya tsufa fa? Idan ƙarar waya ce ta yaudare shi? Ni ban taɓa jin ɗingishin nan ba, maganarsa kawai na ɗauka. Na kuma yi tunanin Zuera, wa zai taya ta juya shi in za a canza masa shimfiɗa.

Dogo ne ya fara faɗa mini. Na ji shi yana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafata kafin a ji ƙaho. Wofa Boadu ya je ya ja hannun juya layi, ya dawo ya tsaya kusa da ni, ya ɗaga kore. Kan jirgin ya wuce da zafinsa da warin mai. Mutane suka fara ƙirga taragai da ƙarfi, kamar 'yan makaranta.

Na ɗaya, na biyu. Na huɗu. Na shida.

Na bakwai ya zo ya wuce sumul. Babu abin da ya bambanta shi da sauran. Na ga mai jar riga ya miƙe, ya sa hannu ya tayar da tayar tsaye. Na takwas ya wuce. Wani ya kama kafaɗata ta baya. Cikina ya saki, na ji ɗumi yana bin cinyata, ban ma ji kunya ba a lokacin.

Amma idona yana kan taragon, kuma lambar da ke jikin na bakwai ba ita ba ce.

"Ba shi ba ne," na ce wa Wofa Boadu. "Baba, an sauya jeri. Lambar huɗu huɗu ɗaya bakwai. Tana cikin hoto."

Ban sani ba ko ya ji ni cikin ƙarar. Bai kalle ni ba. Ya karkatar da kai gefe, ya rufe ido, daidai yadda Baba yake yi. Na tara, na goma. Sai ni ma na ji, da kunnen da ba a mara ba. Ƙarƙashin duk ƙarar akwai wata 'yar ƙarama tana zuwa tana komawa, tak, tak, tak, kamar mai tafiya da sanda. Na goma sha ɗaya ne. Lambar ta wuce ta gabana, fari a kan tsatsa.

Wofa Boadu ya warware jar tuta ya ɗaga sama. Birki ya yi kuka, jirgin ya ja jiki ya tsaya can gaba. Tsohon ya shiga ɗakinsa ya fito da doguwar guduma, ya ce a tashe ni. Muka bi gefen jirgin, ni da hannu a ɗaure, mutane a bayanmu. Ya buga ƙafar tarago na goma, ta amsa da dogon kuka mai daɗi. Ya buga ta gaba ta na goma sha ɗaya, haka. Ya zo ta baya, ta hagu, ya buga.

Ɗaf.

Ya sake bugawa don kowa ya ji. Direban jirgin ya sauko ya leƙa, ya shafa wurin da yatsa, ya dafe kai. Suka yi magana a kan cire taragon a ajiye shi a ɗaya layin.

Wofa Boadu ne ya kwance ni da kansa. Mutane suka fara zamewa biyu-biyu, ba wanda ya ba ni haƙuri. Mai ayaba ta koma tana juya ayabarta da ta ƙone. Mai jar riga bai tafi ba. Maganaɗisuna yana hannunsa, idonsa ya yi ja.

"Allah ya ba ƙanenka lafiya," na ce masa da Tuwina na kasuwa.

Ya jefe ni da maganaɗisun. Ya wuce ta gefen kaina ya manne a jikin tarago, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ya juya ya tafi.

Tsohon ya ba ni ruwa a bokiti a bayan ɗakinsa na wanke jikina, ya ba ni wani tsohon wandon aiki. Ya rako ni har bakin hanya yana riƙe da wuyan hannuna, bai sake ni ba sai da mota ta tsaya. Ya miƙo mini wayata.

"Ka ce wa babanka Boadu na mahaɗa ya gode. In za ka dawo, ɗakina za ka fara zuwa. Aljihunka kuma ka ɗinke shi."

Na isa Nima bayan la'asar. Zuera tana wanke ƙullun gero a tsakar gida. Ta kalli kunnena, ta kalli wandon da ba nawa ba, ta buɗe baki. Na girgiza mata kai, na nuna ɗaki. Ta koma kan ƙullunta, amma na san zancen bai ƙare ba.

Baba yana farke. Na zauna ta ɓangaren da ba zai ga kunnen ba.

"Ka gaishe da mai wuri?"

"Na gaishe shi. Ya ce ya gode. An cire taragon."

"Ya buga?"

"Ya buga."

Ya miƙo hannu yana neman wayar. Na ce masa yau ban samu na ɗauka ba. Ya ɓata rai kaɗan, sannan ya tura mini cokalinsa.

"To yi mini yadda ƙafar ta ce."

Na riƙe ƙarfen gado da hannun hagu don ya kashe ƙarar, na buga. Ya saurara da ido a rufe.

"Matsa ƙasa," ya ce. "Sake."

Na matsa ƙasa na sake bugawa.